Ranar da Malami Direba Ya Rufe Ido

Duk wanda ya taɓa hawa motar haya daga Kebbe zuwa Tambuwal ya san Malami Na'iya. Shekara ashirin da shida yana kan wannan hanya, hannu ɗaya a sitiyari, gwiwar ɗayan a kan taga. Shi ba da ido kaɗai yake tuƙi ba, da jiki yake yi. Tun kafin taya ta faɗa rami bayansa ya gaya masa. Ga shi da baki, in fasinja ya ce zuciyarsa na tashi, sai ya sha tsiya har a sauka.

Da girma ya fara kama shi, sai ya ji wata ƙungiya na neman direban motar ɗaukar marasa lafiya. Aiki ne na kusa da gida, babu lodi, babu rigimar tasha, kuma mutum ɗaya za a ɗauka. Malami ya sa rai ƙwarai, har ya ce wa matarsa Bara'atu ta fara yi masa addu'ar sabon aiki.

Ranar gwaji a Tambuwal ya zaci mota za a ba shi. Ina! Kujera ya tarar a tsakiyar ɗaki, da sitiyari da birki da totur, babu taya ko ɗaya. Malama Hafiza, mai kula da gwajin, ta ɗaura masa wani ƙaton tabarau. Nan take hoton kwalta ya shimfiɗu a gabansa cikin tabarau, har da shaguna da masu babur.

"Wanga abu wasan yara na," in ji Malami, ya taka totur.

Ido ya ce ana gudu, jiki ya rantse a zaune yake. Ya sha kwana, kujera ko motsi. Ya taka birki, babu abin da ya tura shi gaba. Minti uku ba a yi ba gumi mai sanyi ya karyo masa, miyau ya cika baki, tuwon safe ya taso har maƙogwaro. Malami fa, mai yi wa mutane dariya! Tsoro ya kama shi kada ya yi amai a gaban direbobi bakwai da ke jiran layi.

Sai dabara ta zo masa. Ai ba mai ganin idonsa cikin tabarau. Ya runtse su, ya riƙe sitiyari sosai, yana jiran bayansa ya gaya masa hanya kamar kullum. Bai san duk abin da motar ke yi yana fitowa a babban allon bango ba.

Salatin da ɗakin ya ɗauka ne ya buɗe masa ido. Cikin tabarau ya ga wata mata mai goyo kwance a kan kwalta, gaban motarsa.

Ya fizge tabarau, ya miƙe, ya dafa kujera. Malama Hafiza ta ce ya zauna ya sha ruwa, jirin nan ya fi kama tsofaffin direbobi, amma yadda ya buge matar bai ko taɓa birki ba ya nuna ya rufe ido ne, kuma rufe ido a kan sitiyari ba ta da yadda za ta yi da shi. Ta kira na gaba.

Malami bai ko roƙi a sake ba shi dama ba. Ya nuna allon da aka riga aka kashe.

"Malama, ko kaza ban taɓa takewa ba. Matar da nib buge, ta tashi? Ɗan da taka goye hwa?"