Shekara Huɗu Na Yi Golmo Kafin a Gwada Jinin Hannatu

Rabona da rubuta komai a nan ya fi shekara. Masu aiko saƙo kuna tambaya ko ina raye, ina nan, da sauran shan ruwa. Abin da ya fito da ni yau shi ne Anti Rahila ta rasu. Ranar Asabar muka binne ta a Dabai.

Ga wanda bai san ta ba, malamar firamare ce, ita ma mai sikila kamar ni. Coci, ƙofar masallaci, kasuwa, ba inda ba ta shiga tana roƙon mutane su gwada jini kafin aure. Har suna aka laƙa mata a Zuru, wai Mai Raba Aure.

Tun ina yaro, da damina ta sauka sai ƙasusuwana su hau ciwo kamar ana dukansu da taɓarya. A gida aka ce sanyi ne, a dafa saiwa in sha. Anti ce ta kalli idona wata Lahadi bayan sujada, ta ga ya yi rawaya, ta tisa ni gaba sai asibiti. Takarda ta fito, SS.

Lokacin ban daɗe da shiga golmo ba. Golmo a wurinmu shi ne noman da saurayi da abokansa ke yi wa uban yarinya, shekara bakwai, kafin a ba shi ita. Ni don Hannatu nake yi, 'yar Manga.

Anti ta ce, "Bulus, kawo ta a gwada yanzu, tun ba ka yi nisa ba."

Na ce to. Na ninke takardar na cusa ƙarƙashin katifa, na koma canja hanya duk sanda na hango ta. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Gara in zauna ban sani ba da a ce min Hannatu ba tawa ba ce.

A damina ta huɗu, shekarar da wayar salula ta fara yawa a gari, ruwa ya kama mu da hantsi a gonar surukina. Abokai suka ce in je in fake. Ina zan fake, uban yarinya yana tsaye yana kallo? Na ci gaba da huɗa. Kafin la'asar ƙirjina ya ƙulle, ƙuguna ya ƙi ɗaukata, a kan babur aka kai ni asibiti.

Ƙarin ruwa, allura, robar iska a hanci. Allurar ciwon ba ta kaiwa awa huɗu take sakina, in koma ihu gaban mata da yara ba kunya. Babana ya sayar da awakinsa duka cikin mako ɗaya. Na roƙi Allah ya ɗauki raina, kuma da gaske nake.

Likita ya ce wa Baba, "Jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Jini leda biyu yau, in ba haka ba, ban ba ku tabbas ba."

Anti ta zo tana ɗingishi. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta shafa goshina ta fita neman masu ba da jini. Kafin ta dawo Hannatu ta riga ta shiga ɗakin gwaji ta miƙa hannu. Sai dai mai sikila, jinin da ba ɗigon sikila a ciki ake so a ƙara masa, don haka aka gwada nata. AS. Aka ce ta tashi.

Wani soja da wani mai shagon kayan babur, ɗan ƙabilar Ibo, su ne Anti ta samo. Jininsu ya tashe ni.

Sai da na fara zama da kaina Anti ta zo da rana ta gaya min sakamakon jinin Hannatu. Ta ce in na auri Hannatu, kowane ciki rabi da rabi ne, ko a haifi mai sikila ko a'a.

Na ce, "Anti, shekara huɗu fa. Kin ga inda noman ya kai ni."

Ta ce, "Na gani, ɗana. Amma kai ka san ciwon ga, ni ma na san shi. Hwaɗa mani, cikin ɗiyanka wa za ka ba shi?"

Na gaya mata maganar da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ta ɗauki jakarta ta tafi, washegari ta aiko da kunu.

Hannatu ta ce ta ji ta gani, za ta zauna da ni a haka. Ni na ce a'a, ina kallon bango. Golmo kuwa ba a mayar da shi, dawar an daɗe da cinye ta.

Mako bakwai na yi aka sallame ni. Na warke, in wannan ne warkewa. Ƙugun bai dawo ba, da sanda nake tafiya, fartanya kuma mun rabu. Ciwon yana dawowa duk shekara, na kuwa san ba inda za shi.

Na gode wa babana, da nas-nas ɗin da suka jure ihuna, da mutum biyun da jininsu ke jikina. Anti Rahila ce kaɗai ban taɓa yi wa godiya ba. Gaisuwa ma sai da na yi shekaru ban amsa mata ba, da na huce kuma kunya ta hana ni zuwa. Ina ta cewa sai wani makon.

Samarin ƙasarmu, ku gwada jini ku da yarinyar kafin ku sa fartanya a gonar ubanta, ba bayan shekara huɗu ba. Masu sikila, ku sha ruwa da yawa, ku kwana cikin gidan sauro, kada ku bar ruwan sama ya dake ku don gudun a ce muku raggaye. Ciwo ya taso, ku tafi asibiti, ku bar saiwa.

Ni ban yi aure ba, ba na kuma sa rai. Hannatu tana aure a Kanya, 'ya'yanta huɗu, ba wanda ya taɓa kwana a asibiti. Wannan aikin Anti ne, ga shi ta tafi ban faɗa mata ba.