Takardar da Surukina Ya Rataya a Wuya

Har yau in na tuna takunkumin nan sai raina ya ɓaci, Allah Ya yafe mini. Baƙar roba ce mai 'yan ƙofofi a gaba, mijin 'yata ya sayo ta a wani kanti a unguwar Marylebone ta London. Lokacin ina zaune a gidansu a Croydon, na zo ganin likitan ido, zaman ya yi tsawo. Shi kuwa abokan kasuwancinsa sun ja shi zuwa farautar awakin dutse a tsaunukan tsakiyar Asiya. Mai kanti ya ce masa in yana motsa jiki da takunkumin a fuska, huhunsa zai saba da iskar kan tsauni tun bai bar London ba.

Kullum bayan sallar asuba sai ya ɗaura shi, ya goya jaka, ya yi ta hawa da sauka a matattakalar gida yana gurnani kamar raƙumin da aka cika wa kaya. Wata biyu ana haka. 'Yata kuwa tana ɗauke da cikin fari, wata bakwai.

Ni a Mambila na tashi. Mahaifina maharbi ne, shi ke yi wa baƙi jagora in za su hau dutse. Ƙa'idarsa ba ta canzawa: wanda ya zo daga ƙasa sai ya kwana biyu a tsakiyar hanya kafin ya ƙara gaba. In kansa ya fara sarawa, ko abinci ya fita a ransa, a sauko da shi, ko da nama na tsaye a gabansa. Duwatsunmu kuwa da ƙyar suka kai rabin waɗanda surukina zai hau.

Na tambayi wani likita da muke sallar Juma'a tare. Ya ce, "Malam, ƙirji kawai abin nan ke wahalarwa. Iskar London dai yake shaƙa, ta ƙaramar ƙofa. Jini ba ya sabawa da tsauni sai a kan tsauni."

Ana saura mako guda tafiya, ina falo na jiyo shi a kicin yana ce wa matarsa, "Na yi cancel ɗin kwana ukun nan na sabawa da iska a sansanin ƙasa. Ɓata lokaci ne, ni na gama nawa a nan."

Ta ce, "A kan benenmu ka gama? Sannu, sarkin bakan Croydon!"

Dariya suka yi. Ni ko carbin hannuna kasa ja na yi. Mutum zai bar mace da tsohon ciki, ya dogara da roba!

Sai dai a wurinmu ba a zama a yi gardama da mijin 'ya. Ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa, kowa ya kama gabansa. Don haka na ɗauki alƙalami na rubuta masa duk abin da mahaifina ya koya mini, da maganar likita. Da ajami na rubuta, don da shi hannuna ya saba, kuma na san ya yi makarantar allo a Kano. Na buɗe da Bisimillahi, na ninke, na ba 'yata ta miƙa masa. Washegari ya durƙusa ya ce, "Baba, na ga saƙo. Allah Ya saka da alheri." Hankalina ya kwanta.

Kwana huɗu da tafiyarsa aka bugo wa 'yata waya. Ruwa ya taru masa a huhu, a kan doki aka sauko da shi, yana asibiti. Ranar na ga yarinyar nan zaune a ƙasa, hannu a ciki, ta kasa ko kuka.

Allah Ya tashi kafaɗunsa. Ya dawo a rame, ya zo gaishe ni. Sai ya sa hannu a wuyan riga ya jawo wani abu ɗinke a jar fata.

"Baba, layar nan taka ce ta cece ni. Ko a asibiti ban yarda an cire ba."

Na ce, "Wace laya?"

"Wadda ka aiko. Har na sa aka ɗinke mini ita."

"Ka karanta?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ga Bisimillahi a sama, na san addu'a ce."

Ban san da wa zan fara fushi ba: mai kanti, ko shi da ya ga rubutun iyayensa ya ɗauka ba ya ɗauke da magana sai tsari, ko ni da na bar kunya ta rufe mini baki alhali ran mutum na cikin haɗari.

Na ce wa 'yata ta kawo reza, da biro da takarda. Na farke ɗinkin, na warware takardata da gumi ya jiƙa. Na ce, "Zauna sosai, ka dube ni."

Ya ce, "Baba, ai ba zan sake zuwa ba."

Na ce, "Ka ce haka yau. Rubuta."

Na karanta masa layi-layi, yana rubutawa da boko da hannunsa. Da muka zo kan kwana a tsakiyar hanya, biro ya tsaya masa. Matarsa ta ce, "Ci gaba, sarkin baka, Baba bai gama ba."