Wayar da Ta Tsaya a Bakin Ƙofa

Ana sallame sallar asuba muka bar Gumel zuwa kasuwar Maigatari, ni da wata ƙawata da muka yi ajin yaƙi da jahilci tare. A jakata akwai tsohon kaset guda da igiya a naɗe.

Bari in faɗa muku dalili tun yanzu. Yayanmu ya tafi ci-rani Libiya tun ina amarya, can Allah ya karɓi abinsa. A lokacin babu mai karatun boko a gidanmu, don haka kaset yake cikawa da magana ya aiko. Ɗaya ne ya rage. Innarmu tana Ɗanzomo a kwance, ƙafa ta ƙi, kunne ya yi nauyi, ta ce tana so ta ji muryar ɗanta kafin nata lokacin ya zo. Ƙaramar rakoda ba ta isar mata. Ƙanena yana da amfilifaya da sifika a shagonsa na cajin waya da ke ƙofar gida, amma na'urar a haɗe take da batirin sola, ba ta ɗaguwa, wayar sifikar kuma ko kamu biyu ba ta kai ba. Tun da damina na auna da igiya daga shagon zuwa gadon Inna, miƙe ta tsakar gida. Waya mai wannan tsawon muka fito saye.

Hanyar Maigatari da sassafe kamar mafarki take. Raƙuma na tafiya a gefen titi ba sa ko kallon mota, sai ka ce su suka shimfiɗa kwaltar. Wani fasinja ɗan Gagarawa ya yi barci a kan buhun riɗinsa, ni kuwa ina ta ƙoƙarin tuno muryar Yaya. Fuskar na zuwa, muryar ta ƙi.

Kasuwar ta cika, manyan motocin da mutanen Nijar ke ce wa kamiyo sun tare rabin hanya. Komai ya yi tsada, har cuku da dabino. Muka sha fura a tsaye, muka nemi layin masu kayan wuta. Mai shagon ya miƙo mini wata siririyar waya, na duba rubutun jikinta da idona, na ce ya ajiye ya kawo mai kauri ta jan ƙarfe. Na warware igiyata, na ce ya yanka daidai da ita.

Ya ce, “Hajiya, ki ƙara ko kamu uku mana.”

Na ce, “Ƙanena ya ce doguwar waya shanye murya take yi. Kunnen uwata ba shi da rarar da zai bar wa waya.”

“Mai kauri irin wannan ba ta shan komai a tsakar gida. Gajeriya ba ta da laifi, amma sai ta kai.”

“Malam, igiyarka ce ko tawa?”

Ya yanka, yana dariya. Ƙawata ta ce da shi ya yi haƙuri, haka nake tun a aji.

Da azahar muka hau mashin muka bi ta ƙauyuka zuwa Ɗanzomo a ƙasar Sule Tankarkar. Yashi na kama taya, zoɓo ya yi ja a gonaki, iska na kawo ƙanshin sabon gero. Na rungume wayar a cinya kamar jaririya.

Ina shiga gida na tsaya cak. An kawo amfanin gona, an jibge dammunan gero a tsakar gida sun fi mutum tsawo, daidai inda igiyata ta bi da damina. Ƙanena ya ce ko gayya aka yi, kwashe su sai gobe. Ya zagaya da wayar ta gefen tarin, ya ja har ta miƙe kamar tsirkiya. Sifikar ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin Inna, gadon kuma yana can ƙurya. Na yi wa geron faɗa, na yi wa ƙanena.

Muka ce za mu ɗauko Inna. Ta ce ita ba buhu ba ce.

Aka kunna a haka. Kaset ya yi shuuu, sai ga shi: “Salamu alaikum. Inna, ina gaisuwa, ina gaisuwa da kyau.” Kaji suka watse. Ni kuwa na zauna a kan turmi. Yana tambayar jakinsa, yana tambayar ko an gyara rijiya, kamar yanzu ya fita.

Daga ciki Inna ta ce, “Wa ke magana a waje?”

Sai muka ji motsi. Matar da ta yi watanni ba ta sauko ba ta zamo daga gado, tana jan jiki a kan tabarma, tana ture hannun duk wanda ya miƙa. Ta iso ƙofa, ta ɗora tafinta a kan sifikar, ta kwantar da kunne. Daidai nan Yaya ya ce, “A faɗa wa mai bakin nan ta rage faɗa da mutane.”

Inna ta ɗago ta kalle ni, ta ce, “Kin ji dai.”

Aka yi ta juya kaset ɗin har rana ta yi ja, ba ta ɗauke hannunta ba.

Washegari muka dawo Gumel. Ga abin da na koyo, mata: in za ku sayi wayar sifika, ku sayi mai kauri, ku bar mata rara, don gidan manomi ba ya zama yadda kuka auna shi. Ƙanena ya bugo ya ce an kwashe geron, wayar ta kai har gado. Inna ta ce a mayar da sifikar bakin ƙofa, nan za ta riƙa fitowa.