Farfesun da ya yi bazara a kan jere

Har yau ba na cin abinci daga kula, kuma ina da dalili.

Shekarar da na fara aikin akawu a bakin kogin Garwa, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, kawuna ya kawo mini kular ƙarfe daga Yola, wai in riƙa tafiya aiki da tuwona da zafinsa. Inna kuwa sai ta ga abin gwaninta. Da maƙwabciyarmu ta haihu, a ciki ta aika mata kunun kanwa, don dai unguwa ta gani.

A unguwarmu ba a mayar da kwano fanko. Mutanen gidan mai jegon suka zuba farfesun kifin Binuwai a ciki, suka murɗe murfin tam, suka dawo da ita, kunyar Fulani ta hana su faɗa. Inna ta ɗauka nauyin ƙarfe ne, ta ɗora ta kan jeren kwanukanta, cikin zafin bazara, ta hana ni taɓawa.

Ranar da na samu na buɗe, har kaji sai da suka bar tsakar gida. Na yi amai kamar zan fitar da hanjina. Tir! Da tsohuwar langarmu ce, kwana ɗaya wari zai tona asiri. Ita kuwa munafukar, waje sai ƙyalli take yi.