Tukunyar Gahawar Baffa

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda aka haifa ɗan fari a gidan Fulani ya san abin da nake nufi. Mun daɗe da zama a cikin garin Haɗeja, tun zamanin kakan kakana aka baro ruga, Fulatanci ma ya gudu daga bakinmu, amma kunya ta ce tana nan daram. Baffa, wato mahaifina, bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa dubana ya yi mini magana ba. In yana son in kawo masa buta, sai ya juya wajen mahaifiyata, Inna, ya ce, "A ce a kawo buta," alhali ga ni tsaye a gabansa kamar turmi. Ƙannena kuwa har kan cinyarsa suke hawa, su ja masa gemu yana dariya. Manya suka ce alkunya ce, ado ce, haka aka gada. To ni dai ban ga adon ba. Abin ya ci mini rai tun ina 'yar mitsitsiya har na fara ganin furfura a kaina, kuma burina guda ne: Baffa ya yi mini magana, ni da shi, ba ta bakin kowa ba, ko da sau ɗaya ne kafin ƙasa ta rufe idon ɗayanmu.

Ina aji uku a firamare tukunyar gahawar ta shigo gidanmu. Wani amininsa ne, Babarbare mai fataucin shanu, ya kawo masa ita tsarabar aikin hajji. Ya dire kwalin a zaure yana cewa, "Ungo, bawana, ka koyi shan abin manya, ka huta da nono." Baffa ya ce ai dama bawa ne ke yi wa ubangidansa tsaraba. Suka yi ta yi, yadda Fulani da Barebari suka saba, har aka kira magariba.

Tukunya muke ce mata don ba mu da wani sunan, amma ba ta yi kama da tukunyar kowa ba. Gilashi ne hawa biyu. Na ƙasa kamar ɗan tulu, nan ake zuba ruwa a ɗora a wuta. Na sama buɗaɗɗe ne, da dogon bututu a gindinsa wanda ke shiga cikin na ƙasa, roba ta riƙe wuyan tam. A cikinsa akwai wani ɗan faifai mai ƙyalle, matata ke nan, a kansa ake zuba garin gahawa. Inna ta so ta sa ta a kwabet ta jera da tangaran ɗinta, ta ce abu mai kyau haka wa zai kai shi wuta. Baffa ya ce ba jere aka kawo masa ba.

Kullum bayan la'asar, in ya dawo daga gonar shinkafarsa ta fadama ya wanke lakar ƙafarsa, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Ya daka 'ya'yan gahawa a ɗan turminsa, ya kunna risho ya rage wutar har ta koma shuɗiya. Ƙannena su kewaye shi. Ni kuma wurina bayan randa ne, a bakin ɗakin girki, inda zan gani ba a ce na tsaya masa a ka ba.

Wayyo, wannan kallo! Da farko ba abin da ke faruwa. Sai ƙananan kumfa su fara tsirowa a gindin gilashin, ɗaya bayan ɗaya. Can sai ruwan ya kama hanyar bututu ya yi sama, da kansa, ba mai tura shi, ba mai jan sa. Ya isa wajen garin, ya ɗaga shi, ya koma baƙi, ƙamshi ya cika gidan har maƙwabta. Baffa ya juya da ɗan cokalin katako, ya jira, leɓensa na motsi. Sannan ya sauke daga wuta ya ajiye a kan faifai. Gilashin ƙasa na hucewa sai ya fara jan ruwan nan, ya dawo da shi a hankali, garau, ja-ja-baƙi, a ƙarshe ya yi wani ɗan gurnani, garin ya rage a sama a tsane. Na taɓa jin yana gaya wa ƙanena cewa haka kogi ke yi: ya hau fadama ya zauna, ya ɗebi abin da zai ɗiba, ya koma gida ya bar laka.

Amma ni ba ruwan kaɗai nake kallo ba. Kafin ya tafasa, in rana ta karkato ta bugi gilashin ƙasa, gidanmu kakaf yana shiga cikinsa, a kife. Darbejiya saiwarta a sama, katanga na rataye, tsuntsayen da ke komawa wajen dausayin Baturiya da yamma suna wucewa ta ƙasa kamar kifaye. A tsakiyar wannan ƙaramar duniya kuma ga Baffa, ɗan ƙarami, kansa a ƙasa, fuskarsa na dubana. A nan kaɗai nake iya kallon fuskarsa iya son raina. Nakan yi ta ba shi labari a zuci: wadda ta mare ni a makaranta, makin da na ci a lissafi, haƙorina da ya fita. A cikin gilashin yana amsa mini. Har sunana yake kira, da wata murya da ni na ƙera masa. Da ruwan ya yi sama sai komai ya watse, in farka in ga ni a bayan randa, Inna na ce mini, "Ke, miyar nan ta kama, kina can kina hangame baki."

Finjali uku yake sha, da dabino. Ragowar ɗigon da ke gindi ƙannena ne ke rabawa, suna yamutsa fuska suna cewa ɗaci. Ni ban taɓa ɗanɗanawa ba.

Shekaru suka tafi abinsu. Na yi karatu, na zama malamar makaranta, na yi aure a wata unguwa a cikin garin, na haifi nawa. Ɗan farina kuwa sunansa nake kira gatsal, in rungume shi a gaban kowa, surukata ta yi ta salati tana cewa boko ya ɓata ni. Ta yi ta faɗa. A gidanmu dai abin bai sake zane ba. In na je gaisuwa na durƙusa, Baffa zai dubi gefe ya ce, "An zo lafiya? Ya mutanen gidan?" Shi ke nan.

Sai idonsa ya fara yana. Aka yi masa aiki a ɗaya, bai yi ba. Wata rana ya miƙa hannu zai sauke tukunyar ya dafa bakin risho, ya ƙone, saura ƙiris gilashin ya kife. Inna ta wanke ta, ta mayar da ita kwalinta, ta ɗora a saman kwabet. Tun daga ranar Baffa ya daina fitowa gindin darbejiya. Ya rame, magana ta yi masa wuya, in an kai abinci ya ɗan taɓa ya ture. Nakan dube shi ta ƙofa gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, haka zai tafi bai ce mini komai ba.

A cikin kaka, ana yankan shinkafa, yayar Inna ta rasu a Jahun. Inna ta ce sai an yi sadakar uku za ta dawo. Ƙannena duk suna Kano da Dutse, don haka kula da Baffa ya faɗo kaina. Da za ta hau mota ta ja ni gefe ta ce, "Ki ajiye masa abinci ki fita, kin ji? Kada ki tsaya masa a ka, ba zai iya ci ba."

Ranar farko na bi umarni. Na ajiye na fita, na dawo na tarar da kwanon yadda yake. Rana ta biyu ma haka, har da farfesun tarwaɗar da yake so. Raina ya ɓaci. Da aka idar da la'asar na jawo kujera na hau, na sauko da kwalin nan, na kaɗe shi. Na ce ai ko ba a koya mini ba, shekara da shekaru ina kallo, in ban iya ba wa zai iya? Na samo 'ya'yan gahawa a gwangwaninsa, da sauran ƙamshinsu. Na shimfiɗa tabarma, na hau daka.

Ƙarar ɗan turmin ce ta fito da shi. Na ji sandarsa tana taɓa ƙasa, ƙwas, ƙwas, har ya lalubo bakin tabarma ya zauna, fuskarsa na fuskantar katanga. Na zuba ruwa, na jefa matatar a gilashin sama, na haɗa, na zuba gari, na rage wuta. Ban taɓa zama kusa da tukunyar nan haka ba. Gidan ya shiga cikinta a kife kamar da, sai dai darbejiyar ta tsufa, mutumin da ke ciki kuma ya yi fari fat. Ruwa ya hau, ƙamshi ya tashi, na ga hancin Baffa ya motsa. Na ji kamar in yi guɗa.

Da na sauke, ruwan ya dawo da garin duka. Matatar ta taso tana yawo a sama, gilashin ƙasa ya cika da wani abu kamar ruwan kududdufi. Innalillahi! Na rasa inda na kuskure. Don taurin kai na tsiyaya a finjali na ajiye kusa da hannunsa. Ya ɗauka, ya kurɓa, ya hau tauna gari. Ya juya wajen darbejiya ya ce, "Da Innar yara na nan, da na ce a gaya wa mai gahawa akwai ƙugiya."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baffa, Inna tana Jahun! Darbejiya ba ta kai saƙo. Shekarata arba'in da ɗaya, ina gabanka, ni ce 'yarka. Daga bayan randa na koyi abin nan, ta ina zan ga ƙugiya?" Kunya da tsoro suka lulluɓe ni a lokaci guda, don ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, ban ma taɓa jera masa magana uku ba.

Muka zauna. Can nesa ana jin masu sussukar shinkafa, bugu ɗaya bayan ɗaya, wani garken tsuntsaye ya wuce ta samanmu. Na tashi na wanke gilasan, na goge, na zuba sabon ruwa na mayar da na ƙasa kan wuta. Na ɗauki matatar ina juyawa. A gindinta akwai 'yar sarƙa siririya, da wata lanƙwasasshiyar waya a ƙarshenta. Na sha ganin sarƙar tana lilo a cikin ruwa, na ɗauka ado ce. Ashe a kan cinyarsa Baffa yake ɗaura ta, hannun riga ya rufe, daga nesa ba a gani.

Sai na ga hannunsa ya miƙo, yana lalube a iska. Na kai masa gilashin. Ya wuce gilashin ya kamo hannuna. Ya sa yatsuna suka zura sarƙar ta cikin bututu, ya sa na jawo ta ƙasa har ta miƙe, ya lanƙwasa babban yatsana na maƙala ƙugiyar a bakin bututun, ta ce ƙyas. Ya ce, "Kin ji? In ba ki ji wannan ba, kada ki ɗora."

Ni ya ce wa. Na yi ta gyaɗa kai, na manta ba ya gani.

An gama, amma bai saki ba. Ya juya tafin hannuna, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa kantar alli a gefen manuniya. Ya ce, "Ashe haka ya girma." Sannan ya rage murya kamar Inna na iya jiyowa daga Jahun. "Ranar da aka haife ki, da ungozoma ta fita, na saci jiki na shiga. Ba wanda ya sani, har Innarki, barci take. Hannun nan duka bai rufe yatsana ɗaya ba."

Ruwa ya fara tafasa. Da hannu ɗaya na ɗora gilashin sama na danna, da hannu ɗaya na zuba gari, rabi ya zube a tabarma. Ruwan ya hau ya daɗe a can, don ban ga lokacin saukewa ba, idona ya cika. Gahawar ta fito garau, amma ta yi ɗaci kamar maɗaci. Baffa ya sha rabi, ya miƙo mini sauran ya ce in sha.