Tukunyar da Ba Ta Riƙe Ruwa

Ko kun san ƙamshin da sabuwar tukunya take yi ranar da aka fara zuba mata ruwa? Ƙamshi ne na ƙasar da ta sha wuta, sannan ta ji sanyi. Shekaranjiya na shaƙe shi a kasuwar Yankara, na tsaya cik a tsakiyar hanya har wani mai babur ya daka mini tsawa. Kakata na tuna, da wani mutum da har yau ban yafe masa ba.

Ginin tukwane Kaka take yi a ƙauyenmu na ƙasar Faskari. Da harshe take sanin ƙasa. Takan gutsuri kaɗan ta sa a baki, in ta ji ƙas-ƙas a haƙori ta tofar ta yi gaba, in ta ji danƙo ta durƙusa ta ɗiba.

A shekarun da kuɗin mai ya cika ƙasa aka ce za a datse rafinmu. Da damina kawai yake gudu, sauran watanni sai mata su tona yashi su kwarfi ruwa da ƙoƙo. Aka ce dam zai riƙe mana ruwa har bazara, ƙarfinsa kuma ya juya inji ya ba mu lantarki. Har falwayoyi aka kafa a bakin hanya. Nakan jingina da ɗaya in rufe ido, in ga ƙauyenmu yana ƙyalli kamar an juye masa taurari daga ƙwarya.

Wanda aka ba kwangilar jibga ƙasar bangon ɗan garinmu ne, a randar Kaka ya sha ruwa yana yaro. Injiniyoyi sun ce a cika cikin bangon da yumɓu daga wata fadama ta wajen Sabuwa. Ya ga hanya da nisa. Sai tifofinsa suka riƙa kwasar ƙasar bakin rafi, a lulluɓe ta da jar ƙasa ta sama.

Kaka ta ɗanɗana abin da ake zubawa. Ta ɗebo shi a ƙwarya, ta gina 'yar tukunya da ƙyar, ta gasa. Ta kai masa ita gindin ɗorawar da yake zama da leburori, ta cika ta a gabansa. Ruwa ya soma ɗiga ta gindi.

"Ɗan nan, duba. Ƙasar nan ba ta riƙe ruwa."

"Iya, dam ai ba randar ɗaki ba ce," in ji shi. "Je ki gina wa amare kasko, ki bar wa 'yan boko aikinsu."

Dariyar leburorin tana kunnena har yau.

Damina ta uku ta zo da marka, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Mata masu wanki suka lura ruwan da ke tsattsafowa a gindin bangon ya koma ja. Kaka ta ce cikinsa ne yake fitowa. Mai gari ya aika wa ɗan kwangila, shi kuwa ya ce zai duba bayan Sallah. Da hantsin wata Alhamis bangon ya buɗe. Ƙanen babana, autan Kaka, yana fadama yana cirar ciyawar shinkafa. Shi ne mai saka mini 'yar tsana da karan dawa. Sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa a saiwar wata kanya.

Masu bincike suka zo da mota, suka ce ƙaddara ce, suka koma. Kaka ta ɗora tukunyar a kan bangon ɗakinta saitin gadonta.

Bayan wasu shekaru mutumin ya tashi tafiya Makka. Kun san al'adarmu, maniyyaci yakan bi gida-gida yana neman gafara. Ya shigo da farar babbar riga, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta sauko da tukunyar, ta hure ƙurarta, ta cika ta daga randa.

"Ga ruwan baƙo. Riƙe da hannu biyu. In ka kai shi zaure da ko maƙwarwa ɗaya a ciki, na yafe."

Tsakar gidanmu doguwa ce. Ya fara da tafiya, ya koma sassarfa, yana toshe gindin tukunyar da tafi. Ruwan ya bi ta yatsunsa, ya gangara hannun riga, ya bar jan zane har gwiwa. A bakin zaure ya leƙa ciki, ya daɗe yana leƙawa. Ni dai daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba.

Babana ya ce a hankali, "Iya, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake tsoro. Shi ya sa ba zan ce na yafe ba alhali ban yafe ba."

Kaka ta rasu, tukunyar ta dawo hannuna. Na yi karatu, na san falalar yafiya, kuma kowa ya san ni ko kaza ba na iya kora da tsawa. Amma falwayoyin nan suna tsaye har yanzu ba waya, tsuntsaye ne kawai suka amfana, mata kuma sun koma tonon yashi. Ana maganar sake gina dam ɗin. Ina so a gina, ƙishirwarmu gaskiya ce. Sai dai ranar da tifa ta farko za ta juye ƙasa, zan je in gutsura in sa a baki.

Alhajin ya tsufa, ido ya tafi. Sau biyu ke nan yana aiko wa babana, wai ko magada za su yafe abin da tsohuwa ta ƙi. Babana ya yafe nasa. Ni na ce a gaya masa tukunyar tana nan, zauren ma bai matsa ba.