Laimar Kwaɗi a Rumbunmu

Jikata ce ke rubuta wannan, ni ban yi karatu ba. Maganar mijina ce, Allah ya jiƙansa, har yau ba na iya yin ta ban share hawaye ba.

A zamanin soja ne, shekarar da ta biyo bayan babban fari, muna ƙauyenmu kusa da Kona. Ciwon ido ya cinye masa gani tun da rani, likitan Tasawa ya ce ba abin yi. Ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Irin hatsi kuwa muna da shi, ɗan kaɗan a ƙulle cikin tsumma, mun hana cikinmu. Amma shuka aikin mutum biyu ne: namiji na gaba yana sara da sungumi, mace na biye tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Ruwan farko ya sauka, gari duka ya fita, gonarmu tana nan kwance. In ruwa na biyu ya wuce mu, babu abinci a gidan wannan shekara.

Na ce, "Malam, ka tashi."

Ya ce, "In sari ƙasa ko in sari ƙafarki? Ban san gabas ba, mata."

Bayan kwana kaɗan na hau rumbun ƙasa, ko zan tsinci ƙwaya a ƙaiƙayi. Ashe murfin ya yi yoyo, ƙaiƙayin ya jiƙe. Da na sauka ciki sai ga laimar kwaɗi sun fito, ƙanana, farare, masu siririyar ƙafa. Ba ɗaya da ta miƙe tsaye. Dukansu sun sunkuya wuri guda, wajen wata 'yar ɓula da ɓera ya yi, inda haske ke shigowa kamar zare. Na daɗe a durƙushe. Abu ba ido, ba ganye, wa ya gaya masa?

Na toshe ɓular da laka, na huda wata a ɗaya gefen da tsinke, na rufe rumbun. Kwana biyu na koma. Tsofaffin sun narke sun yi baƙi, sabbi sun fito, duk sun karkata ga sabuwar ɓula. Na yi ta salati ni kaɗai.

Na jawo Malam da ƙyar, yana cewa yunwa ta taɓa mini kai. Na taimake shi ya shiga, na ɗora yatsansa a kansu, sannan a kan ɓular.

Ya ce, "Iska ce ta kwantar da su."

Na ce, "Iska a cikin rumbu, Malam?"

Ya yi ta shafa su ɗaya bayan ɗaya. Da ya fito bai koma ɗaki ba. Ya tsaya a tsakar gida yana juya fuska a hankali, har ya tsaya daidai rana. Ya ce, "Ikon Allah. Ga ta nan a kuncina."

Da ruwa na biyu ya zo, muka fita da hantsi. Ya sa rana a kuncinsa na dama, yana tafiya yana sara, in mun juyo ya mayar da ita na hagu, ina biye da iri. Maƙwabcinmu ya ɗaga murya daga gonarsa, "Malam, layinka ya sha giya!" Malam ya ce, "Kai da idonka biyu, me ka girbe bara?"

Muka gama a kwana uku. Da hatsin ya tsiro, layukan sun lanƙwashe kamar baka, don rana ba ta tsaya masa wuri ɗaya ba, shi kuma bai sake ta ba. Mutane har zuwa suke kallo.

Zazzaɓi ya ɗauke shi hatsin na fitar da kai. Ni kaɗai na yanke, ina bin karkatattun layukan nan ina kuka, kowane gindi inda hannunsa ya sara. Abin da na ɗaure ya kai ni da yara har wata damina.